Dinarin Alhaji Buba

Duk wanda ya zauna a Gusau a shekarun da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, in dai ya taɓa kai zobe gyara ko ya aika a sayo wa matarsa warwaro, zai tuna Malam Yusha'u maƙerin farfaru. Rumfarsa tana bayan kasuwa, tsakanin mai ɗinkin hula da mai gyaran agogo. Mutumin Bungudu ne, siriri, mai ɗan ranƙwafo, gashin girarsa ta dama ya ƙone tun yana saurayi bai sake fitowa ba. A wajen mahaifinsa ya gaji ƙirar azurfa da zinari, ya taho Gusau shekara biyu kafin 'yancin kai da ɗan kaskon narki da awartaki da ma'auni a cikin jakar fata.

Hannunsa yana da kyau, wannan babu mai musu. Amma abin da aka fi saninsa da shi daban ne. A wancan lokacin yawancin azurfar da mata ke kawowa a yi musu kayan ado tsofaffin kuɗi ne: liyari, fataka, sulallan da suka daina ci, wani lokaci kuɗin Faransa da fatake suka shigo da su ta Maradi. Kuma akwai yadda ake yi. Mai kaya za ta zauna a kan tabarma, ta ga an auna, ta ga an sa a kasko, ta ga ya narke ya zama ruwa, sannan ta tashi. Ba don ana zargin wani maƙeri ba ne musamman, haka dai aka taso aka tarar, kuma maƙerin kirki shi ne ma zai ce a zauna.

To shi Malam Yusha'u in aka miƙo masa tsabar da bai taɓa gani ba, sai hannunsa ya tsaya. Ya juya gaba, ya juya baya, ya kai kusa da ido. Daga nan ya fara lallashi: zai auna, ya kawo tasa azurfar daidai nauyin, a narka tasa a gaban mai kaya, shi kuma a bar masa tsabar. Yawanci mata suna yarda, tunda azurfa azurfa ce. Haka ya tara gwangwanin taba bakwai cike da tsofaffin kuɗi, kowace tsaba a naɗe cikin ƙyalle. Zinari kuwa uku kacal ya samu a shekara goma sha biyar, fam-fam ne na Ingila, biyu masu kan sarki mai gemu, ɗaya mai kan tsohuwar sarauniya.

Mai gyaran agogo yakan ce masa mai jinyar kuɗi. Matarsa Wasila kuwa ba ta da suna gare shi, sai dai magana.

"Malam, waɗanga mutanen naka da ke cikin gwangwani, yaushe za su fara biyan kuɗin haya?"

"Baƙi ne, Wasila."

"Baƙon da ya shekara goma ai ya zama ɗan gida. Ka ba su fartanya."

Yakan yi dariya kawai. In an matsa masa da tambaya sai ya ce shi ba sarakunan da ke jiki yake kallo ba, hannun wanda ya sassaƙa su yake kallo. Wani maƙeri ne ya zauna kamar yadda yake zaune, ya ɓata idonsa ya fitar da gashin gemu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya jin daɗin rushe aikin ɗan'uwa.

Daminar 1973 ta yi gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa, gyaɗa ba ta yi 'ya'ya ba, shanu suna faɗuwa a daji. A kakar shekarar masu kawo kayan ado su sayar sun fi masu kawowa a ƙera yawa. Shi ya sa Malam Yusha'u ya yi mamaki ran da wata tsohuwa ta yi sallama da hantsi, ta zauna a tabarma tun ba a ce ta zauna ba, ta ce aiki ta kawo.

Sunanta Tambaya, daga Tsafe. Mijinta Alhaji Buba ya rasu da damina, ta fita takaba ke nan. Ta kwance bakin zane, ta ciro wata 'yar jakar fata mai kama da laya, ta zazzage a tafin hannunsa.

Dinari ne ƙarami, bai kai faɗin sisi sosai ba, amma mai kauri, gefensa ba a daidaice yake ba kamar kuɗin inji. A gaba akwai kan mutum da hular ƙarfe mai tukku, gashi ya zubo a wuya. A baya wata mace ce a tsaye, da fukafukai, ta miƙa hannu riƙe da wani abu zagayayye, ga rubutu ya sauko ta gefenta. Malam Yusha'u ya goga gefensa a baƙin dutsen gwaji, ya ga layin da ya bari. Bai taɓa ganin zinari mai tsabta haka ba. Ya ɗora a ma'auni, miskali biyu cif.

"Inna, ina Alhaji yas samo wanga?"

"A hanyar Makka. Da ƙasa yat tahi, shekara bakwai. Ya tsaya Sudan shina aiki kantin wani Bature, da za shi wucewa Baturen yab ba shi wanga a matsayin sallama. 'Yan kunne za ka yi wa ɗiyata Luba da shi."

"Wagga matar mai fukafukai fa, mi ta riƙa?"

"Gammo ne mana. Ba ka gani? Ruwa za ta ɗauka."

Sai ya fara lallashin da ya saba. Zai kawo zinari miskali biyu, a narka a gabanta. Ta ce a'a. Ya shiga ciki ya fito da fam ɗaya mai kan sarki. Ta ce a'a. Ya ɗauko na biyu, ya ɗauko na uku, ya jera su a kan tabarma, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Mai gyaran agogo ya leƙo ta saman katangar zana ya ce, "Lahaula! Yau majinyata sun fito shan rana."

"Inna, uku ne a kan ɗaya. 'Yan kunne, da sarƙa, da zobe, duk za su fita."

"Malam, ni ba ciniki niz zo ba. Alhaji ya bar wasiyya. Yac ce da shi za a yi, ba da wani ba. In ba ka iyawa, akwai Jatau a Tsahe, maƙeri ne shi ma. An dai ce mini hannunka ya fi, shi yas sa nib biya mota."

Malam Yusha'u ya san Jatau. Mutumin kirki ne, amma 'yan kunnensa kamar ƙarfen linzami suke. Ya roƙi tsohuwar ta ba shi mako ɗaya ya yi tunani, ya kuma roƙi izinin danna dinarin a kakin zuma, gaba da baya. Ta ce wannan ba ya rage komai, ya danna. Ta mayar da abinta cikin jaka ta tafi tasha.

A lokacin akwai wani tsohon Bagirke kusa da tashar jirgin ƙasa mai sayen fatu da ƙiraga, Kosta, wanda aka fi sani da Baturen fata. Ya fi shekara talatin a garin, yana jin Hausa, sai dai kullum mace da namiji a hargitse suke a bakinsa. Washegari bayan azahar Malam Yusha'u ya same shi a ɗakin ajiya, cikin warin fata, saboda a shekarar fata ta yi yawa har ba a rasa ta. Ya buɗe masa kakin.

Kosta ya sa tabarau. Ya kalla, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ɗauko madubin askinsa ya kara, domin rubutun a juye ya fito a kaki, ya karanta a hankali da yarensu.

"Abokina, ina ka samu wannan? Wannan sunan sarkinmu ce. Iskandar. Kuɗin tana da shekara dubu biyu da ɗari biyu, ko ya fi."

"Dubu biyu? Kahin Annabi Isa ke nan, alaihis salam?"

"Kafin. Da nisa."

"To wanga jarumin mai hular ƙarfe shi ne sarkin?"

"Ba jarumi ba. Mace ne."

"Kosta, ka san ka da rikita su."

"Yau ban rikita ba! Mace ne, wallahi. Mace a gaba, mace a baya."

Malam Yusha'u ya zauna a kan ƙunshin fata ba tare da ya lura ba. Ya gaya masa cewa nan da kwana shida za a narka shi. Baturen ya miƙe tsaye, ya yi ta faɗa da yarensu, fuskarsa ta yi ja. Da ya huce ya ce in dai na gaskiya ne zai saya, kuma ya faɗi abin da zai bayar. Kuɗin zai sayi shanun noma biyu da hatsin da zai kai gida guda har wata kaka, ya yi saura.

A gida Wasila ta ji labarin tana tankaɗe.

"To in ka gaya mata, ai Bature zai tahi da shi ƙasarsu. Kai ba ka samu ba ke nan."

"Ban samu ba."

"To mi ka ci?"

"Shina nan dai a duniya, Wasila. Ko ban gan shi ba."

Ta daina tankaɗen ta dube shi. Ba ta yi masa ba'a ba a ranar. Ta ce ya sa babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, kada ya je gidan mutane kamar wanda aka ciro daga murhu.

Ran kasuwar Tsafe ya shiga mota. Hanya duk gonaki ne da aka bar karansu a tsaye don ba abin yankewa. Ya yi tambaya aka nuna masa gidan Alhaji Buba, aka shimfiɗa masa buzu a zaure, Tambaya ta fito ta zauna daga bakin ƙofa. Rumbu biyu yake hangowa ta bayanta, ɗaya a buɗe, babu komai ciki.

Ya gaya mata duka, bai rage ba: shekarun dinarin, da sunan sarkin, da kuɗin da Baturen fata ya sa. Ya ce shi ya fita daga ciki, ba ya neman komai. Ta karɓi kuɗin, ta sayi hatsi, a yi wa Luba 'yan kunne da wani zinarin, shi zai yi aikin kyauta.

Ta saurare shi har ya kai ƙarshe.

"Malam, Allah ya yi maka albarka. Da wani ne da ya saye shi hannuna da arha ya kai wa Baturen. Amma bari in gaya maka abin da ban gaya maka ba a Gusau. Sanda Alhaji yat tahi, Luba tana ciki. Yad dawo tana da shekara bakwai, ba ta san shi ba, in ya shigo sai ta ɓoye bayana. Tun ranan yac ce dinarin ga nata ne, ran aurenta za a yi mata 'yan kunne. Aure yaz zo, yac ce a bari sai ta haihu. Ta haihu, yac ce baɗi. 'Ya'yanta biyar yanzu. Ba rowa ba ce, Alhaji ba shi da rowa. So ne. In ya yi sallar walha sai ya rufe ƙofa ya fiddo shi shina kallo, awa yadda nig ga kana yi."

Malam Yusha'u ya sunkuyar da kai.

"Da ciwo yay yi tsanani yak kama hannuna shina kuka. Namiji mai furfura. Yac ce, Tambaya, na riƙe haƙƙin ɗiyata shekara ashirin saboda kallo. Ki kai a narka shi. Kada ki sayar, kada ki musanya, don in ya tsira wani ma zai kamu. Shi Baturen bai ji wagga magana ba. Ni nij ji ta."

"Inna, yunwa fa?"

"Yunwa ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba. Jibi ina tahowa Gusau. In ka ga ba ka iyawa ka faɗa mini yanzu, Jatau ga shi can bakin kasuwa."

Ya ce ta taho.

Ta zo da hantsi kamar wancan karon. Mai gyaran agogo ya tafi Bungudu jana'iza, mai ɗinkin hula bai fito ba tukuna. Malam Yusha'u ya riga ya zuba gawayin ƙirya, ya tada wuta da ɗan zuga-zuginsa na fatar akuya. Ta miƙa masa dinarin, ya ɗora a ma'auni ya nuna mata, ta gyaɗa kai. Ya sa kasko a wuta don ya yi zafi.

Sai ta dafa ƙasa ta miƙe.

"Zan tahi in sawo daddawa."

"Inna, ba a haka. Ki zauna ki ga an sa."

"Ba ni iyawa. Shekara talatin ina ganin shi a hannunai."

"To ki juya baya, amma ki zauna. Ko in kira wani ya tsaya miki."

"Abin da zan gani na gan shi a zauren gidana. Yi aikinka."

Ta ɗauki mayafinta ta shige cikin kasuwa.

Tunda yake ƙira ba a taɓa barinsa shi kaɗai da zinarin wani ba kafin narki. Ya dubi hanya, babu kowa sai wata akuya tana cin ɓawon rake. Gwangwanin da fam ukun ke ciki yana nan bayan uwar maƙera, bai mayar da shi ciki ba tun wancan makon. Fam ɗaya da ɗan ƙari kaɗan daga na biyu, miskali biyu ke nan. Launin zai ɗan fi ja, amma wa zai gane a Tsafe? Ko Jatau sai ya goga a dutse. Tsohuwar za ta tafi da kwanciyar rai, Luba za ta sa 'yan kunnenta, aikin shekara dubu biyu kuma ya tsira. Babu wanda zai yi asarar ko ƙwayar gero.

Ya buɗe gwangwanin. Ya kwance ƙyallen, ya ɗauko mai kan tsohuwar sarauniya, har ya ɗora shi a ɗaya gefen ma'aunin. Ma'aunin ya yi lilo, ya rinjaya kaɗan wajen dinarin, ya tsaya. Malam Yusha'u ya zuba masa ido. Ya tsaya a haka har kaskon ya yi ja, har gawayin ya fara zama toka a sama.

Daga nan ya cire fam ɗin, ya naɗe, ya rufe gwangwanin, ya tura shi can ƙarƙashin buhun gawayi. Ya ɗauki dinarin ya kai kusa da ido, ya bi fukafukan gashi ɗaya bayan ɗaya, ya bi ninkin rigar, ya juya ya dubi hular ƙarfen.

"Ka yi aiki, malam," ya ce a hankali. "Wallahi ka yi aiki. Ka yi haƙuri."

Ya yi bisimilla, ya kama shi da awartaki ya sa a kasko, ya koma kan zuga-zugi. Zinari mai tsabta ba ya baƙi a wuta. Ya yi ja, ya yi haske, fuskar tana nan sarai kamar ba abin da zai same ta, har Malam Yusha'u ya fara tunanin ko wutar ce ba ta kai ba. Sai gefen ya lanƙwashe, hular ta zube cikin kumatu, abin ya dunƙule ya zama ɗigo ɗaya mai sheƙi yana rawa a tsakiyar kasko.

Tambaya ta dawo ba ta riƙe da daddawa ko wani abu. Ta tsaya daga bakin rumfa. Ya nuna mata ɗan curin da ya huce a cikin ƙoƙon ruwan tsamiya.

"Ya yi gardama?"

"Bai yi ba, Inna. Zinari ne mai kyau."

Ta dubi idonsa da suka yi ja, ta ce hayaƙin ƙirya ba shi da daɗi. Ya ce ƙwarai.

Kosta bai amsa gaisuwarsa ba har wata uku. Shi kuwa kwana goma sha ɗaya ya yi a kan 'yan kunnen, aikin da yakan gama a kwana biyu. Ya ja zinarin ya zama waya siririya kamar gashin wutsiyar doki, ya murɗa, ya saƙa, ya warware abin da bai yi masa ba ya sake. Wasila ta ce tunda ta aure shi bai taɓa yin irinsu ba, kuma ta lura ba kunnenta aka auna ba.

Da kansa ya kai su Tsafe. Aka kira Luba daga gidan mijinta, mace doguwa mai goyo, hannunta duk dusar sussuka. Ta durƙusa ta gaishe shi, uwar ta cire mata tsinken da take sawa a kunne don kada hujin ya toshe, ta sa mata 'yan kunnen. Luba ta girgiza kai kaɗan ta ji nauyinsu, ta yi dariya, sai kuma ta rufe fuska da gefen mayafi, ta daɗe a haka.

Da ta buɗe sai ta ce, "Malam, wai gaskiya ne da hoto a jikinai? Ni ban taɓa ganin shi ba. In na shigo Baba ɓoyewa shikai."

Malam Yusha'u ya dubi Tambaya, Tambaya ta kau da kai. Ya riga ya sa takalmi ɗaya. Ya cire, ya koma kan buzu ya gyara zama, ya ce ta matso. Ya fara mata tun daga nauyinsa da kaurinsa, bai tsallake komai ba, tana tambaya yana amsawa, har aka kira la'asar, har sai da aka aiko daga tasha cewa motar Gusau ta cika, shi kaɗai ake jira.